Shin Durkheim Ya Ce Raunin Imani Ne Ke Sa Mutum Ya Kashe Kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu, sashen nazarin zamantakewa. Wata biyu ke nan da ɗan wan babana ya kashe kansa bayan kasuwarsa ta karye, alhali mutum ne da jam'i ba ya wuce shi. A gida ana cewa imaninsa ne ya yi rauni, wasu kuma na cewa jifa aka yi masa. A aji kuwa an koya mana Durkheim, Bafaranshen nan masanin zamantakewa, ya gano masu riƙo da addini ba su cika kashe kansu ba. Ke nan ilimi ma ya gaskata maganar mutanen gida? Wallahi na kasa barci.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya gafarta masa, Ya ba ku haƙurin rashi. A'a, Durkheim bai faɗi haka ba, kuma abin da aka koya miki rabin magana ne.

Kin riga kin san littafinsa na 1897 a kan kashe kai da yadda ya raba shi gida huɗu, ba sai na maimaita ba. Abin da ake tsallakewa a takardun da ake raba muku shi ne dalilin da ya bayar. Ya duba alƙaluman jihohin Jamus da na yankunan Suwizalan, ya ga 'yan Furotesta sun fi 'yan Katolika kashe kansu. Sai ya tambayi kansa: koyarwar ce ta bambanta? Ya ce a'a, domin ɗarikun biyu sun haramta abin da ƙarfi iri ɗaya. Yahudawa kuwa, waɗanda adadinsu ya fi na kowa ƙasa a mafi yawan alƙalumansa, ya lura addininsu ne ma bai tsananta hanin a fili kamar sauran ba. Don haka ya ce kariyar tana cikin yadda jama'a ke riƙe da mutum: wa ke neman sa idan bai fito ba, wa ke shiga lamarinsa. Shi ya sa ya samu irin wannan bambanci tsakanin magidanta masu 'ya'ya da gwauraye, kuma ya ga adadin yana sauka lokacin yaƙi, sa'ad da mutane suke dunƙulewa. Wanda ya karanta asabiyyar Ibn Khaldun, wato bayanin wannan masanin tarihi a kan haɗin kan al'umma, ba zai ji wannan baƙon zance ba.

Ga wurin da nake son ki tsaya da kyau, don kuskure ne da nake cin karo da shi kusan kullum, a takardun jarrabawa da kuma zauren ta'aziyya. Durkheim yana magana ne a kan adadi a cikin al'umma, mutum nawa cikin miliyan a shekara. Bai taɓa auna zuciyar mutum ɗaya ba, kuma hanyar bincikensa ba za ta iya ba. Ɗaukar abin da aka gani a kan jiha guda a liƙa wa mamaci ɗaya kuskure ne da masana suka daɗe da kama shi, har shi kansa Durkheim an zarge shi da faɗawa ciki. To ina ga wanda bai buɗe littafin ba, ya zauna a kan tabarmar makoki yana yanke wa bawan Allah hukunci? Wannan magana ta "raunin imani" kisa take yi. Matashin da ke zaune a gefe yana fama da irin wannan tunani ya ji abin da aka ce game da yayansa, ya san idan ya buɗe baki shi ma sunan da za a ba shi ke nan, sai ya haɗiye. Idan ma ya faɗa, sai a kwashe shi zuwa wurin mai cire aljanu, a turara shi, a zane shi da bulala, a karɓe kuɗin iyayensa. Ciwon damuwa mai tsanani ciwo ne da likitoci suke magani, yana kama mai tsayuwar dare kamar yadda hawan jini ke kama shi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, masu damfara ne kawai suke haɗa su faɗa. Hukuncin mamacin kuma fagen malaman addini ne, kuma mafi yawansu sun tafi a kan cewa Musulmi ne, ana yi masa sallah.

Haka nan masu bugun ƙirji cewa "mu ba ma yin wannan" su sani alƙalumanmu ba abin dogaro ba ne. Jack Douglas, wani masanin zamantakewa Ba'amurke, ya nuna tun 1967 cewa iyali da jami'ai ne ke yanke abin da za a rubuta a matsayin sanadin mutuwa. A wurinmu ana binne mamaci cikin sa'o'i, dangi su ce gajeruwar rashin lafiya ce. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa kuma ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da ya kai shekara guda. Wa zai kai ɗansa asibiti ya faɗi gaskiya alhali yana tsoron 'yan sanda? Ghana ta soke irin wannan doka a 2023.

Idan kina neman inda ɗan'uwanki ya fi kusa a littafin, duba babin rushewar ƙa'idojin rayuwa. Durkheim ya kawo karyewar kasuwar kuɗi ta Biyana, babban birnin Ostiriya: waɗanda suka kashe kansu a can mutum 141 ne a 1872, sai 153 a 1873, sai 216 a 1874. Ya ce ba talaucin kansa ba ne, domin arziƙin da ya zo bagatatan ma yana ɗaga adadin. Girgizar ce, mutum ya wayi gari matsayin da ya san kansa da shi ya ɓace, waɗanda yake ciyarwa jiya yau yana kunyar haɗa ido da su. Ko wannan ma haske ne kawai, ba hukunci a kansa ba.

Yanzu ki sa ido a kan matarsa da ƙannensa, don na kusa da wanda ya yi haka suna cikin haɗari fiye da sauran mutane. Wanda kika ga ya janye jiki, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa, ko asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko Maiduguri. Ke ma wata biyu ba barci ya isa ki ga likita a wannan makon.