Jirgin Yaƙi na Rimot Daga Kit ɗin Faiba: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon duk a kan manyan jiragen rimot ne, waɗanda ake kwaikwayon jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da su, masu gangar jiki ta faiba da fiffiken da ya kai mita biyu, waɗanda ake saye a matsayin kit, wato sassan jirgi a kwali da mutum zai haɗa da kansa.

Malam, shekara biyu ke nan ina tashin jirgi. Na fara da na koyo, na koma mai fiffike a ƙasa. Yanzu ina son yin odar kit na faiba. Raina yana kan Spitfire, abokina ya ce Mustang. Wanne zan saya? (Daga Kaduna)

Ka bar su duka biyun tukuna, ka sayi P-47 Thunderbolt. Ƙafafun Spitfire a matse suke, kusa da juna suke tsayawa domin waje suke naɗewa, kuma filayenmu ba kwalta ba ne, ƙasa ce mai tsakuwa da ramuka. Iska ƙanƙanuwa ta bugo shi daga gefe sai bakin fiffike ya ci ƙasa. Mustang ya fi shi sauƙi a ƙasa, amma ba ya yafe saukar da aka yi a sanyaye. Shi P-47 ƙafafunsa a buɗe suke, fiffikensa yana da faɗi, murfin injinsa kuma zagayayye ne babba, zai haɗiye inji da salansa ba sai ka yi ta yanka faiba ba. Fiffiken na gaskiyar ya kai mita 12.4, saboda haka wanda aka rage sau shida zai ba ka mita biyu da 'yan kai. Nauyinsa idan an gama kilo 10 zuwa 12, injin fetur mai cc 55 zuwa 60 ya ishe shi, irin DLE-55 da farfela 22x10 ko 23x8.

Kafin ka biya ko kwabo, ka nemi mai sayarwa ya rubuto maka abin da ke cikin kwalin. Kit da yawa gangar jiki ce kawai da murfin inji da gilashin matuƙi da fom ɗin fiffike. Ƙafafu masu naɗewa, tayoyi, inji, sarbo (ƙananan motocin da ke motsa sassan fiffike da wutsiya) takwas ko tara, risiba (mai karɓar saƙon rimot), batura da fenti duk daban ne, kuma idan ka tara su sun ninka kuɗin kit ɗin. Kwalin ma kansa dogo ne, da girmansa ake lissafa kuɗin dako, ba da nauyinsa kaɗai ba. Ka san yadda dala take.

Ban taɓa tashin jirgi ba, amma kuɗi ba matsala ba ne. Ina son Corsair babba in koya a kansa. Kuma zan iya sa masa injin ƙaramin janareta? (Daga Abuja)

A'a, duka biyun. Injin janareta ya yi nauyi, kuma an yi shi ne ya tsaya a gudu ɗaya. Jirgi mai kilo 12 da farfela mai tsawon inci 22 a hannun wanda bai iya ba, yana iya kashe mutum. Ka fara da simuleta a kwamfuta, ka sayi jirgin koyo na fom mai fiffike a sama, ka nemi wanda ya iya ya tsaya kusa da kai. Ka sake rubuto mini bayan shekara biyu.

Na manna allon da ake ɗaure inji da ruwan faiba na masu gyaran bodin mota. Da na tada inji sai ya ɓanɓare. Me ya faru? Sannan na ga sarbo mai sunan babban kamfani a intanet, kuɗinsa bai kai sulusin na dila ba. In sayi guda tara? (Daga Kano)

Ka gode wa Allah da ya ɓanɓare a ƙasa. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, ana shafa wa mazubi kakin da zai hana faiba mannewa lokacin ƙira, kuma wannan kakin yakan biyo jikin kayan. Dole a wanke gangar jikin ciki da waje da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a goge wurin manni da asiton, sannan a kankare shi da sanfefa mai lamba 80 har ƙyallin ya tafi. Na biyu, rezin iri biyu ne, foliyesta da ifoksi. Na masu bodi foliyesta ne, kuma ba ya kama jikin da aka yi da ifoksi. Don ka gane naka, goga sanfefa a ciki ka shinshina: idan ka ji warin nan mai hawa kai na garejin masu bodi, foliyesta ne. Idan kusan babu wari, ifoksi ne. Kuma kada foliyesta ya kusanci farin fom ɗin fiffike, narkar da shi yake yi nan take, haka ma gam ɗin masu takalmi.

Ga yadda za ka sake. Allon ya zama filawud na jirgi mai kauri milimita 9, ko 6 biyu a manne, ba na kafintoci mai rami a tsakiya ba. Ka saita shi yadda inji zai karkata dama kamar digiri 2, ko abin da takardar kit ta ce. Ka manna da ifoksi mai jinkirin bushewa, na minti 30 ko fiye, wanda aka kaurara da garin faiba, ko ka sami ifoksin Hysol 9462. Bayan ya kama, ka bi kusurwar gaba da baya da ƙyallen faiba mai faɗin santimita 5. Na minti biyar ba shi da gurbi a nan, girgizar inji tana farfasa shi. A ƙarshe ka shafe allon duka da ifoksi don kada fetur ya jiƙa katakon.

Sai maganar sarbo, kuma a nan zan daɗe. Kada ka saya. Babu dilan da zai sayar da kayan gaske a sulusin kuɗinsu, kuma sunayen da aka fi sani su aka fi yi wa jabu: Futaba S3003 da TowerPro MG996R sun cika shagunan intanet da kwali mai kyau da ciki na banza. Abin da ke damuna da masu wannan sana'a tamu shi ne, mutum zai zuba kuɗin da ya isa sayen sabon babur a kan kit da inji, ya yi wata shida yana goge-goge, sai ya zo kan ɗan abin da ke riƙe da wutsiyar jirgin ya ce a nan zai yi tsimi. Sarbon da ke ɗaga hanci da sauke shi idan haƙorinsa ɗaya ya karye a sama, ba abin da zai rage sai tsintar tarkace. Araha ba ta ado.

Jirgi mai wannan girma yana son sarbo mai haƙoran ƙarfe, mai ƙarfin kilo 15 zuwa 20 a santimita, a kan fiffike da filaf (maratayin bayan fiffike da ke rage gudun sauka) da wutsiya. Ɓangarorin wutsiyar kwance biyu kowanne da nasa, domin idan ɗaya ya mutu ɗayan ya sauko da kai. Ko daga wurin wa ka saya, ka gwada. Kwance sukurori huɗun nan ka duba ciki: jabu yakan sa haƙoran ƙarfe a sama ya ɓoye na roba ɗaya a ƙasa, kuma inda ya kamata a ga boris sai a ga zoben roba. Ɗaura masa tsinke mai tsawon santimita 30, ka juya hagu ka saki, ka juya dama ka saki. Dole bakin tsinken ya dawo wuri ɗaya kowane lokaci. Sannan ka rataya galan mai lita 5 na ruwa a ramin hannun da ke santimita 2 daga tsakiya. Wannan rabin ƙarfin mai kilo 20 ne kawai, idan ya kasa ɗagawa ko ya ɗau zafi yana kuka, ajiye shi.

Jabun bai tsaya a sarbo ba. Batir da aka rubuta 2,200mAh a jikinsa, ka cika shi ka sauke da caja mai nuna lissafi. Idan bai ba da kashi 80 cikin ɗari ba, bai cancanci shiga jirgi ba. Ka sa batir irin LiFe mai bolt 6.6 guda biyu, kowanne da makunninsa, na wutar inji kuma daban. Fulogin NGK CM-6 da waɗannan injina ke amfani da shi ana yin jabunsa sosai, alamarsa inji ya yi ta tari ko ya mutu idan ya yi zafi. Bututun kabon da ke haɗa fiffike biyu, wasu faiba ce aka rina baƙi aka naɗa mata kabon siriri a waje. Ɗora mitar gwada wuta a bakin da aka yanka: kabon yana wuce da wuta, faiba ba ta yi. Shi kansa ifoksin da ake sayarwa a kasuwa, kwaɓa kaɗan ka manna guntayen filawud biyu, ka bar su kwana ɗaya ka karya. Katakon ne ya kamata ya yage. Idan gam ɗin ne ya saki, ko farce yana shiga cikinsa, zubar. Tiyon mai ya zama Tygon na fetur, domin na silikon kumbura yake yi ya zame. Fetur kuma daga gidan mai, ba daga 'yan bumburutu ba, a tace shi, a haɗa da man 2T mai kyau, kashi 1 cikin 30 ga injin DLE. Wanda kuɗinsa bai kai ga waɗannan ba, ya jinkirta aikin, kit ba ya ruɓewa a cikin kwali.

Malam, hankalina a tashe yake. Na gama jirgina bayan wata tara, da na auna sai ya rinjaya baya. Sai na sa dalma giram 700 a hanci kafin ya daidaita. Na lalata shi ke nan? Ko barci ba na iya yi. (Daga Damagaram)

Kwantar da hankalinka, ƙanena, ba ka lalata komai ba. Wanda ya tsaya ya auna kafin ya tashi ya riga ya yi abin da ya fi muhimmanci. Jiragen da na gaskiyarsu ke da zagayayyen inji hancinsu gajere ne, domin injin asali yana da nauyi ƙwarai, namu kuwa ba shi da shi. Kusan kowa sai ya sa dalma. Giram 700 a kan kilo 11 kashi 6 ne da 'yan kai cikin ɗari, zai ɗauka.

Amma za ka iya ragewa. Nisan wutsiya daga wurin daidaito ya ninka na hanci sau uku zuwa huɗu, saboda haka duk giram 100 da ka cire a baya ya rage maka dalma kusan 350. Duba tayar baya, ko akwai mai sauƙi. Idan sarbo suna can wutsiya, dawo da su tsakiya ka ja sandar kabon daga nan zuwa wutsiya. Batura duka su koma jikin allon inji. Abin da ya rage na dalma ka ɗaure shi da kusa da noti a jikin allon, kada ka manna shi a murfin inji, girgiza za ta yage sukurorin murfin.

Ka auna jirgin a kife, tanki babu mai, a daidai wurin da takardar kit ta nuna, wanda yawanci yake tsakanin kashi 25 da 30 cikin ɗari na matsakaicin faɗin fiffike. Tashin farko ka tsaya a gefen gaba na wannan iyaka. Idan ƙafafun jirginka baya suke naɗewa kamar na Corsair, to a naɗe za ka auna. Kada ka yarda wani ya ce maka cire dalmar don jirgi ya yi sauƙi. Mai nauyin hanci saurin sauka kawai zai ƙara, mai nauyin baya kuwa ba ya jin rimot. Ranar tashi ka ƙara wuta a hankali, ka danne karkatar hagu da wutsiyar tsaye, ka bar shi ya yi gudu sosai kafin ka ɗaga. Wurin sauka kada ka kashe wuta gaba ɗaya sai tayoyi sun kusa taɓa ƙasa. Kuma ba laifi ba ne ka miƙa wa wanda ya fi ka hannu ya yi tashin farko. Allah ya ba da sa'a.

Na fesa firaima sai ƙananan ramuka suka fito ko'ina, ifoksi kuma yana daskarewa kafin in gama shafawa. (Daga Sakkwato)

Ramukan daga ƙira suke, kumfar iska ce. Shafa fila marar nauyi da yatsa, goge da sanfefa mai lamba 220, sake fesawa, goge da 400 da ruwa har kusan duk firaimar ta tafi, domin nauyi ce, musamman a baya. Daskarewar kuwa zafin garinku ne. Lokacin da aka rubuta a gwangwani na yanayin digiri 22 zuwa 25 ne. Kwaɓa giram 30 kacal a faffaɗan faranti, yi aiki bayan asuba, nemi mahaɗi mai jinkiri irin 209 na West System, wanda ake haɗawa 3 da 1. Ƙyallen rufe fiffike ya zama mai giram 25 a murabba'in mita, ka ja rezin da tsohon katin banki. Kada ka yi fenti ranar da hazo ya sauko, kuma ka sa takunkumi duk lokacin da kake goge faiba.

Sai da izini ake tashinsa? (Daga Jos)

Ƙwarai. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ta hana tashin jirgi marar matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba, kuma shigo da irin waɗannan kaya yana buƙatar takardar shaidar mai amfani daga ofishin nan. Ka nemi bayani a can kafin ka yi oda, kada kayanka su maƙale a hannun kwastan. A halin tsaron da ake ciki, jirgi mai fentin soja yana ruri a sama zai tada hankalin jama'a, don haka ka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, ka nisanci filin jirgi da bariki da gidaje. Ka saita risiba yadda inji zai koma salo idan sigina ta yanke, ka sa makashin inji a rimot. Ku na Jos kuna sama da mita 1,200, iskarku ba ta da kauri, saboda haka ka nemi fili mai tsawon aƙalla mita 150, ka kuma ɗan rage man kafireto kafin tashin farko.