Ga mai tambaya a kan namijin kifin sikilid da ke neman kashe macensa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta bayaninka cewa kana da sikilid biyu masu zanen baƙi, irin na Amurka ta Tsakiya, a akwatin gilashi mai cin lita 60, sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe, ka kwashe ƴaƴan, kuma tun ranar namijin bai bar macen ta sarara ba. Ka raba su yau ɗin nan, ko da a bokiti ne mai injin hura iska a cikin ruwa, domin macen da ta maƙale a kusurwar sama, ta daina cin abinci, wutsiyarta ta yayyage, ba ta da nisa da mutuwa.

Kuskuren da ka yi ni ma na yi shi a shekarata ta farko. Na tsame ƴaƴan gaba ɗaya da yamma don kada a cinye su, da asuba na tarar da macen a ƙarƙashin matatar ruwa, ɓawon jikinta ya kwaye. Abin da ke haɗa kan waɗannan kifaye biyu shi ne tsaron ƴaƴa. Da zarar an ɗauke su, namiji yana son a sake yin ƙwai nan take, ita kuwa ba ta farfaɗo ba, to idan ta ƙi, sai ya ɗauke ta a matsayin baƙuwa da ta shigo masa fili. Tun daga lokacin nakan kwashe yawancin ƴaƴan in bar wa iyayen kamar goma su ci gaba da kiwo.

Sikilid dangin karfasa ne, kuma duk masuncin tafkin Madarunfa ya san yadda namijin karfasa yake haƙa rami a yashi ya tsare shi. A tafki wanda aka kora yana da wurin gudu, a lita 60 kuwa duk inda ta juya yana ganinta. Saboda haka faɗin ƙasan akwatin ya fi tsawonsa zuwa sama muhimmanci, kuma ni ban yarda da abin da ya gaza lita 100 ga irin naka ba. Kafin ka samu babba, ka tare masa gani: ka jera duwatsu a tsakiya har kusa da saman ruwa, ka sa ƙananan tukwanen ƙasa biyu ko uku, ka kifa su, ka fasa musu ƙofa wadda macen za ta shiga amma kafaɗar namijin ba za ta wuce ba. Sabbin tukwane nake nufi, waɗanda ba a taɓa dafa komai a ciki ba, a jiƙa su kwana biyu. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce ragar roba mai ƙarfi da ta raba akwatin biyu, da huda ɗaya daidai jikin macen. Tana zuwa wurinsa idan ta ga dama, tana komawa idan ya tsananta, kuma a haka suka yi mini ƙwai sau uku. Ranar da za ka mayar da ita, ka sauya wa duwatsun wuri, ka kashe fitila, don shi ma ya zama baƙo.

Wasu za su ce ka zuba ƙananan kifaye masu gudu don ya huce a kansu. A babban akwati haka ne, a naka kuwa gawarsu za ka kwasa. Gara ka ajiye wani sikilid a akwati na kusa inda suke hango shi ta gilashi.

Sai zafin garin nan. A watan Afrilu da Mayu ruwan akwatin kifin da ke ɗakina yakan haura digiri 30, sai iskar cikinsa ta ragu, kifayen su ƙara zafin rai da yawan neman ƙwai, alhali 25 zuwa 27 ya ishe su. Nakan buɗe murfin in saita fanka a saman ruwan, in kuma ajiye injin iska mai batir saboda ɗaukewar wuta.

Idan nan gaba ka koma ga mbuna, wani nau'in sikilid na tafkin Malawi, lissafin daban ne. Ba a haɗa su biyu-biyu, sai namiji ɗaya da mata uku ko huɗu, don korar ta rarrabu. Macen tana riƙe ƙwai a bakinta kusan mako uku ba ta ci, don haka bayan ta saki ƴaƴan nakan ciyar da ita ita kaɗai na mako guda kafin in mayar da ita.

Ita kuwa taka, ka riƙa canja mata sulusin ruwa duk kwana biyu da ruwan famfo da ya kwana a buɗe, kada ka mayar da ita sai wutsiyar ta toho, cikinta ya ciko.