Ɗora bodin FJ40 a kan shasin Land Cruiser 80: ga abin da na gani a aikin

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Kana da tsohon bodin FJ40, wato Toyota Land Cruiser ta da, wanda tsatsa ta cinye shasinsa, ka kuma samu Land Cruiser 80 da ta yi hatsari, samanta ya lalace amma ƙasanta lafiya lau, kana so ka san ko za su haɗu da kuma ta inda za ka fara. Za su haɗu. Na yi irin wannan aikin, kuma in aka yi shi da kyau mota ce da ba ta ba mutum kunya a daji. Amma kafin kowa ya ɗauki injin yankan ƙarfe, ɗauko tef ka yi awo.

Daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, FJ40 milimita 2,285 ce, ita kuwa 80 milimita 2,850. Bambancin 565 ke nan, ya haura rabin mita. Dole ɗaya ya bi ɗaya: ko a rage shasi, ko a ƙara wa bodi tsawo. Galibi yanka shasi mutane ke fara kawowa, don a baki ya fi sauƙi. Ni ba na ba da shawararsa sai in babu makawa. Ai ƙasan 80 ɗin ne ya ja ka: sifirin mai naɗi maimakon na ganye da FJ40 ke kai tun 1960 har aka daina yinta a 1984, aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, mai ƙarfi gaba da baya, birki da sitiyarin da suka fi na da nesa ba kusa ba. Duk an tsara su ne a kan wancan tsawon. Da zarar ka yanke, tankin mai ya rasa mazauni, farfelar baya, wato sandar da ke kai ƙarfin injin ga tayoyin baya, ta gajarce ta ƙara karkata, sai ka riƙa jin karkarwa a ƙarƙashin kujera in ka kai wani gudu. Bututun birki, salansa da wayar birkin hannu duk sai an sake su. Ga shi kuma mota mai tsawo ta fi natsuwa a hawan dutse da gangara.

Don haka ka ƙara bodin daga bayan ƙofa, aikin fanalbita ne, in ya yi kuskure gyara ake yi, ba rai ne a ciki ba. In kuma za ka iya samun kan doguwar FJ45 mai akori, 'yar'uwar FJ40, ka huta, domin tsakanin tayoyinta na gaba da na baya milimita 2,950 ne, milimita 100 kacal tsakaninta da 80, sai a ƙera akorin daidai da shasin.

In ka nace sai ka yanke, to a yanka inda ƙarfen ya miƙe, ba kusa da mazaunin sifirin ba. A kafe shasin a kan teburi mai daidaito tukuna, a yi yankan a karkace, a lulluɓe mahaɗar da faranti, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa kafin walda da bayanta. Mai waldar ƙofar gida ba shi ne mai wannan aikin ba. Sannan ka je hukumar rajistar motoci ta ƙasarka tun kafin ka taɓa komai, domin lambar shaidar da kamfani ya buga wa mota a jikin shasi take, kuma a ƙasashe da yawa shasin da aka yanke sai an sake duba motar gaba ɗaya kafin ta hau titi.

Kar ka kwance 80 ɗin da gaggawa. In tana tashi, tuƙa ta a fili ka saurari injin da giya, ka sa giyar daji ka ji ta shiga, don daga baya in matsala ta taso ka san ba gadonta ka yi ba. Ka riƙe duk wayoyinta da ƙwaƙwalwar injin, sandar sitiyari, fedoji da tukunyar birki. Kowane fulogi ka liƙa masa takarda ka ɗauki hotonsa kafin ka cire. Bayan wata shida za ka tsaya gaban tulin wayoyi da suka yi kama da juna, takardun nan ne kawai za su fitar da kai. In injin dizal 1HZ ne a ciki, aikin waya kaɗan ne. In na fetur ne 1FZ-FE, ka nemi mai rewaya mai haƙuri.

Wurin da ya fi cin lokaci shi ne bangon da ke tsakanin injin da direba. Bar injin da giya inda kamfani ya ajiye su, bodin ne zai matso ya same su. Ka ɗaure cikin bodin da sanduna kafin a ɗaga shi, in ba haka ba ya murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa. Za a sauke shi a ɗaga sau da yawa har tayar gaba ta zauna tsakiyar madigadi, lagireto da fanka su samu wuri a ƙarƙashin bonet. A kan roba zai zauna, kar a yi masa walda da shasi, kuma kar a yi ta cusa masa tallafi don a kauce wa yanka daɓe, mota in ta yi tsayi saurin kifewa take.

Aksil ɗin 80 ya fi faɗi, taya za ta leƙo waje kamar faɗin tafin hannu kowane gefe, sai an faɗaɗa madigadi. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: bodin FJ40 bai kai na 80 ɗin nauyi ba, don haka bayan motar zai ɗaga. A can baya akwai wani bawul da ke rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon yadda mota ta zauna, in tsayi ya canza ba a saita shi ba, birkin ba zai kama daidai ba. Sai ka gama komai, ka cika tanki, ka ɗora safaya, ka auna nauyin gaba da na baya, sannan ka zaɓi sifirin da shokazoba.

Kar ta fita gwaji sai da kejin ƙarfe mai ƙafafu da suka sauka har kan shasi, da bel a kowace kujera. Turo hoton gefen shasin 80 ɗin daga inda ta bugu, in ga ko ya lanƙwashe kafin ka kashe kuɗi a kansa.