Halatta Tabar Wiwi: Inda Fassara Ke Rikita Muhawara

Tambaya daga Zariya: Malam, na ji a labarai an ce Jamus ta halatta tabar wiwi, an ce Ghana ma haka. Ashe gwamnati na da ikon halatta abin da addini ya haramta?

Ba ta da shi, ɗan'uwa. Fassara ce ta jawo ruɗanin. Halatta daga halal na Larabci take, wadda bakin Bahaushe ya juya zuwa halas da halak, shi ya sa kake jin ɗan halas a nan, ɗan halak a can, ka kuma ji halasta a maimakon halatta. Da kunne ya ji kalmar sai ya tafi ga hukuncin addini, inda hadisi ya riga ya yanke cewa duk abin da ke sa maye haramun ne. Majalisa kuwa dokar ƙasa kaɗai take taɓawa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne masu fassara labarai sun tara abubuwa uku daban-daban sun rufe su da wannan kalma guda.

Akwai ƙasar da doka ta bai wa baligi izinin saye da sha. Uruguay ce ta fara a 2013, Kanada ta biyo a Oktoban 2018, da shagunan lasisi da haraji, kuma ba a yarda mutum ya fita da fiye da giram 30 ba. Jamus ta shigo a Afrilun 2024 da nata salon: giram 25 a aljihu, tushe uku a gida, amma babu shagon sayarwa. Wannan a ce masa "doka ta ba da izini".

Fotugal ba haka ta yi ba. Tun 2001 abin yana nan a matsayin haramtacce a dokarta, sai dai wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, kwamiti ake tura shi maimakon kotu, a yi masa gargaɗi ko tara ko a haɗa shi da masu magani. Dillali kam gidan yari ne. Sunan wannan "sassauta hukuncin mashayi".

Na ukun shi ne na Ghana da ka ambata. Lasisin noma ne don magani da masana'antu, kuma irin da aka yarda a shuka shi ne wanda sinadarin da ke bugarwa, THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Wannan ko an sha ba ya bugarwa. Mai nannaɗe wiwi a unguwar Nima ta Accra ko zangon Kumasi har gobe mai laifi ne. Lesotho a 2017 da Maroko a 2021 ma hanyar lasisi suka bi, kuma ita marigayi Rotimi Akeredolu ya yi ta kira a bi lokacin yana gwamnan Ondo. Nijeriya ba ta ɗauki ko ɗaya daga ukun ba. Dokar soja ta 1966 ma har kisa ta tanada ga mai noman wiwi kafin a sassauta a 1975, sannan aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 1989.

Wani abin lura ga masu fassara: kada a kira wiwin masana'antu rama. Ganyensu ya yi kama, har sunan rama na kimiyya ya ɗauko wannan kamar, amma rama 'yar'uwar yakuwa ce da kuɓewa. Kwaɗon rama bai taɓa bugar da kowa ba.

Tambaya daga Maraɗi: Me ya sa ake cewa shan wiwi, alhali hayaƙi ake zuƙa?

Sha a Hausa ya fi kurɓa faɗi. Ana shan ruwa, ana shan mangwaro da rake, ana shan magani ko da ƙwaya ce a haɗiye, ana shan iska, ana shan wahala. Taba ta samu gurbi a nan tun da can, wiwi kuma ta bi sawunta, har ta ari sunanta. Shaye-shaye ginin jam'i ne irin na gine-gine da tafiye-tafiye, wato shan abubuwa iri-iri a kai a kai. Da kanta kalmar ba ta da aibi, kana ganinta a katin biki tare da ciye-ciye. Idan ta tsaya ita kaɗai ce take nufin kayan maye. Haka ƙwaya: ta hatsi ce, ta ido ce, ta magani ce, amma yau ɗan ƙwaya ya haɗa mai tiramol da mai shan kodin a kwalba da mai shaƙar sholisho a tsumma, duk da biyun ƙarshe babu ƙwayar da suke haɗiya.

Tambaya daga Katsina: Maye na buguwa da maye mai kambu kalma ɗaya ce?

A rubuce kawai. Furta su ka saurara. Na kambu, mijin mayya, murya tana farawa sama ta sauko. Na buguwa tana farawa ƙasa ta hau. Akwai na uku, maye gurbi, wanda gaɓarsa ta farko gajera ce.

Tambaya daga Jos: Muna gardama da abokina. Ya ce wiwi ganye ce kamar taba, na ce taba ta bambanta da garin gero. Ya ce na sa karin maganar a inda ba wurinta ba. Wa ya yi daidai?

Shi ya fi ka gaskiya a kan karin maganar. Ka tuna tabar da ake nufi garin taba ce, wadda ake dakawa da kanwa a zuba a baki ko a shaƙa. Ita da garin gero duk gari ne, amma ɗaya abinci, ɗayar kuwa ka dama ta ka sha ka ga ta kanka. Ma'anar ita ce kama ba ta sa abu biyu su zama ɗaya. Sai dai a cikin karin maganar taba ce mai cutarwar, kai kuma taba kake son warewa daga wiwi, ka ga ka ɗora ta a mazaunin gero ke nan. Amsar da ta fi kai tsaye ita ce ka tambaye shi zaƙami. Shi ma tsiro ne, ba wanda ya sarrafa shi a masana'anta, kuma ba banza aka sa wa irinsa suna haukata-yaro ba.

Idan kuma maganarku ta koma kan wuyar bari, wadda ta dace ita ce "sabo turken wawa". Turke shi ne icen da ake kafawa a ɗaure dabba. Akuyar da ta daɗe a turke, ko an kwance igiyar, da yamma nan za ka tarar da ita tsaye. Amma a yi hattara da kalmar wawa idan da mai fama da abin ake magana. Likitoci suna ɗaukar kamuwa da ƙwaya a matsayin ciwo mai alamominsa: wanda ya daɗe yana shan wiwi kullum in ya tsaya farat ɗaya yakan yi fama da rashin barci da saurin fushi da rashin cin abinci na mako ɗaya zuwa biyu, mai tiramol kuwa har da zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa, shi ya sa ake rage masa a hankali a hannun likita. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya sun kai miliyan 10.6. Kalmar da ta fi dacewa da halinsu ita ce jaraba, wadda tushenta ɗaya da jarrabawa a Larabci.