Me ka zuba masa a kwano?

Kai yaro, na ga hoton, na kuma saurari saƙon. Ka ce kwikwiyon nan mai wata uku ya wayi gari da jini a kashinsa, kana tambaya ko ka buɗe masa kafso daga akwatina, ko kuwa maganin tsutsa za ka ɗura masa. Kada ka taɓa akwatin. Sai can ƙarshen saƙon, murya ƙasa-ƙasa, ka ce jiya da dare ka juye masa sauran wake da shinkafar da ka sayo a unguwar Aboabo nan Kumasi, da taliya da shito, soyayyen yajin nan, da komai. Ai da wannan za ka fara. Ku yaran yanzu kun iya ɗaukar hoto, amma a ce ku durƙusa ku dubi abu da ido, ku shinshina, sai ku yatsine fuska. Wanda ke ƙyamar kashin kare ya tafi kasuwar Kejetia ya sayar da caja.

To durƙusa. Jinin iri biyu ne. Ja mai haske, wanda ya hau bisa kashin ko ya zo da majina, daga ƙasan hanji ya fito, kusa da mafita. Wanda ya fito baƙi ƙirin, yana danƙo kamar kwalta, daga tumbi ko saman hanji ya taso, ya narke a hanya, shi ya sa ba ya kama da jini. Sabon shiga ja ne ke firgita shi. Ni baƙin nake tsoro. Ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa. In ka saki, launi ya dawo kafin ka ƙirga biyu, da sauran jini a jikinsa. In fari fat ka gani, to ka bar waya ka nemi mota.

Baƙin nan shi ya ci min kare mafi kyau da na taɓa riƙewa. A 2007 ne, shekarar da aka canza kuɗin Gana, mutane na ta rikicewa tsakanin tsohon sidi da sabo. Namiji ne, Boerboel, irin na Afirka ta Kudu, tun yaye yake hannuna. Kai ba ka ga irinsa ba. In na ce zauna, ko akuya ta gifta ta gaban hancinsa ba zai motsa ba. A jefo nama ta katanga, kallonsa kawai zai yi. Wata da watanni na yi ina koya masa wannan, don ɓarayin Kumasi da nama suke fara sallama.

Sai ga wani ɗan kwangila mai gida wajen Ahodwo, ɓarayi sun dame shi. Surukina ne ya kawo shi, shi ya ɗaure min baki. Ɗan kwangilar ya zo da dalleliyar mota, ya tsaya nesa yana tattare babbar riga kada ta taɓa keji, ya ba da rabin kuɗi, ya ce sauran sai an biya shi kuɗin wani aiki. Na rubuta masa a takarda abin da karen zai ci da abin da ba zai ci ba. Na karanta wa maigadinsa da Hausa, na maimaita wa mai dafa abinci da Asante. Duk suka ce sun ji.

Ba a jima ba aka yi suna a gidan. An yanka rago, an soya kaji da zabi. Da taro ya watse, mata suka kankare tukwane, ƙasusuwan kaji da aka soya, kitse, miyar albasa, duk aka tara a baho aka tura masa, wai shi ma ya ci arziki. Kwana da kwanaki abin da yake ci ke nan. Ya fara nishi in zai yi kashi, yana kuka, yana lanƙwashe baya. Maigadi, saboda tausayi wai, ya ɗauko maganin ciwon bayansa, dikulofenak, yana cusa masa cikin tsoka safe da yamma. Kashi ya koma baƙi, suka ce ai nama ne ya yi masa yawa. Babu wanda ya tuna akwai ni a duniya.

Sai da ya kasa tashi suka kawo shi, a bayan akori-kura, kan ƙarfe, da tsakar rana. Na hau na ɗaga leɓensa, babu ɗigon ja. Kunnuwansa sun yi sanyi duk da zafin ƙarfen. Da ya ji muryata sai ya buga guntun wutsiyarsa sau ɗaya. Bai kai la'asar ba. Likita ya buɗe shi a gabana, ga tsinin ƙashi ya soke hanji, ga tumbi duk gyambo, ƙwayar ta cinye shi, cike da baƙin jini.

Ka san abin da mutumin nan ya ce? Wai da ma mai ciwo na sayar masa. Ba ma sauran kuɗina ba, rabin da ya bayar yake so in mayar. Muka je gaban dattawa, na kai takardar likita, maigadin da bakinsa ya amsa ya ba da ƙwaya. Aka yi ta gyaran murya, aka ce a yi haƙuri, ai kare ne. Kare ne! Da saniya ce da an tsaya an yi lissafi har da igiyar wuyanta. Mutanen da ke toshe hanci in sun wuce ƙofata, su ne ke aiko yara da dare a tambaye ni ko akwai na gadi in an fasa musu shago. Har yau ko kwabo bai ƙara min ba, kuma har yau in mun haɗu a jana'iza sai ya miƙo hannu yana tambayata ya aiki.

Saboda haka in na ce babu maganin mutum a bakin kare, ba iyayi nake ba. Dikulofenak, ibufurofen, duk suna fasa tumbi su kuma taɓa ƙoda. Farasitamol hanta yake bi. Ƙashin da ya ga wuta, na kaza ne ko na kifi, ba ya niƙuwa, tsagewa yake ya zama tsinke.

Shiton da ka ba shi kuwa, barkono da man da ke ciki kaɗai sun isa su kankare hanjin kwikwiyo har ka ga zaren jini. Amma albasa da tafarnuwa sun fi muni, don su ba a kashi suke nuna kansu ba. Jajayen ƙwayoyin jini suke fasawa, ɗanye ko soyayye ko gari duk ɗaya, sai bayan 'yan kwanaki ka ga kare ya yi laushi, yana haki, fitsari ya yi duhu. Ka ce min akwai miyar Zango da babu albasa? Cakulan da ƙwayar koko, mu da muke zaune a ƙasar koko, suna sa zuciya gudu da karkarwa har farfaɗiya, kuma baƙin cakulan ya fi illa. Goro ma haka, ka daina barin tsohon nan na maƙwabta yana jefa musu guntu don ya ga sun yamutsa fuska. Inabi da zabibin cikin kek na kashe ƙoda, cingam mara sukari akwai mai zailitol a ciki, wani sinadarin zaƙi da ke guba ga kare. Masara ko dusa da ta yi fumfuna a damina, zubar da ita, kada ka ce asara. Kuma kada ka kawo min zancen karen ƙauye na cin komai ya rayu. Waɗanda suka mutu a bayan gida wa ya ƙirga su?

Yadda ake ba da maganin tsutsa da cire kaska ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe tsintsiya a gidana ba.

Da babban kare ne, yana cin abinci, yana haushi, zaren ja kawai aka gani, da na ce a ba shi farar shinkafa da tsokar kaza dafaffiya babu gishiri babu mai, a zuba ido zuwa gobe. Kwikwiyo ba a yi masa haka. Wannan bai gama allurarsa ba, ana farawa ne daga sati 6 zuwa 8, ba a kammalawa sai sati 16, shi kuwa yana tsakiya. Fabo, cutar nan mai kama hanjin kwikwiyo, irinsu take nema. Amai, ƙin abinci, sannan zawo na ruwa da jini mai warin da in ka shaƙa sau ɗaya ba ka mantawa. Babu kafson da ke kashe ta, ƙarin ruwa ne ke riƙe kare har jikinsa ya yi yaƙin, kuma kwana ɗaya na jinkiri ya isa. Ka kuma leƙa bayan buhunan abinci ko wani ya zuba maganin ɓera. Irin mai tsinka jini ba ya nunawa sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin kowa ya manta. Yana da makari, bitamin K1, in an kai da wuri, kuma in ka ga ledarsa ka tafi da ita.

Yanzu ware shi daga 'yan'uwansa. Ɗebi kashin a leda mai tsabta, ka naɗe kwikwiyon a tsumma, ka ɗauki tasi zuwa asibitin dabbobi na Amakom, ba torotoro ba, ƙaramar bas ɗin haya, kada a sauke ka a hanya. In ka isa ka faɗa wa likita gaskiyar abin da ya ci, sannan ka ba shi waya, ni zan yi magana da shi. Kafin ka fita ka wanke kejin da Parazone, ruwan bilicin nan, murfi 1 a ruwa murfi 30, ka bar shi ya jiƙa minti 10, har ƙasan takalminka, don cutar na yin watanni a ƙasa kuma a ƙafa ake yawo da ita. Mutumin da ya ce zai zo ranar Asabar ya ɗauki macen, ka ce masa babu kwikwiyon da zai fita sai an ga yadda wannan ya kwana, kuma in zai zo ya zo da kuɗinsa cif.