Rawar tayar gaba ba daga sitiyari take farawa ba: amsoshin wasiƙunku

Wani Alhaji ya rubuto daga Kumo: "Ina da tarakta Massey Ferguson 135 da na gada wurin mahaifina. Inji lafiya lau, amma sai na juya sitiyari kusan taƙi guda kafin taya ta amsa, in kuma na hau kwalta tayoyin gaba su kama rawa. Bakanike ya ɗaure akwatin sitiyari sau biyu, yanzu ya yi tauri, rawar tana nan. An ce in sayi sabon akwati. Ga damina ta ƙarato."

Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Wasiƙa irin taka ba ta yankewa a wannan fili, kuma kuskuren ɗaya ne kullum: ana fara gyara daga sama, alhali ciwon yana ƙasa. Ita 135 tun 1964 aka fara ƙera ta, ko ƙaramar cikinsu ta ba shekara 40 baya. Duk abin da ke juyawa a ƙafarta ya ci, kowanne kaɗan-kaɗan, sai cin ya taru ya bayyana a hannunka. Akwatin sitiyari ne ƙarshen wanda ake tuhuma. Ɗaure shi da aka yi ta yi bai cire wasan ba, ya dai matse kayan cikinsa suna cin juna, shi ne taurin da kake ji.

Ka sami wuri mai tauri, ka sa giya, ka tokare tayoyin baya. Ka ɗaga gaba da jak, ka tallafe da gungumen katako mai kauri. Ban yarda da bulon siminti ba, yana fashewa ba sallama. Sai ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, yaro ya duƙa yana kallo. In taya ce kaɗai ke motsi a kan ƙarfen da take juyawa, boris ne. In ƙarfen da kansa ke motsi cikin hannun aksil, bushin kimfin ne ya ci. Kimfin shi ne fin ɗin tsaye da taya ke karkata a kansa in an juya sitiyari, bushi kuma zoben ƙarfen da yake juyawa a ciki. Ka zura dogon ƙarfe ƙarƙashin tayar ka ɗaga: in ta yi sama ta dawo da ƙara, boris ɗin da ke ɗauke da nauyi a gindin kimfin ya mutu, shi ne ma yakan sa sitiyari nauyi. Daga nan ka kama tayar dama da hagu. Wasan da ka ji a nan na kawunan sandunan sitiyari ne. Ita 135 sanda biyu gare ta, ɗaya kowane gefe daga akwati zuwa taya, don haka kawuna huɗu za ka duba.

Saura wanda kowa ke mantawa da shi, fin ɗin tsakiya da aksil gaba ɗaya ke lilo a kansa. Tarakta na ɗage, ka sa ƙarfe ka tura aksil gaba da baya. Lilon sama da ƙasa aikinsa ne, don shi aka yi shi, amma bai kamata ya matsa gaba ko baya ba. In ya matsa, ko sabon akwati ka ɗaura daga Ingila, rawa ba za ta daina ba, domin gindin da komai ya dogara a kai ne ke yawo.

Bari in tsaya a nan in yi faɗan da na saba. Abin da ke kashe waɗannan bushin ba tsufa ba ne kaɗai, rashin giris ne. Ƙasarmu ta Gombe ko dai rairayi ko baƙar laka, in rani ya yi ƙura kamar gari. Ƙura ta shiga bushi ta tarar da busasshen giris, sun zama dutsen wasa wuƙa, suna gurzar ƙarfe duk juyin da direba ya yi a ƙarshen kunya. Sabon giris ne ke turo wannan dattin waje. Shi ya sa lokacin aiki kullum da safe ake bugawa, kafin a tada inji, har sai an ga tsohon ya fito baƙi, sabon ya biyo shi. Na sha zuwa gona in tarar da kan giris, wato ɗan bakin da ake buga giris ta cikinsa, ya toshe da laka ta bushe kamar dutse, wani ma ya karye tun bara an bar ramin a buɗe. Ka tambayi direba ina famfon giris, ya ce yana gida. Wani kuma sai ya ɗebo da yatsa ya shafa a waje, wai ya sa giris. Wannan kwalliya ce, abin da aka shafa a waje ƙura kawai yake tarawa. A goge kan kafin a buga, wanda ya toshe a canza shi, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. In aka ɗaga gaba kafin a buga wa kimfin, ya fi shiga ko'ina, don nauyi ya sauka daga kansa.

Wurin sa sabon bushi kuma a kula da abu biyu. In bushin yana da ramin giris, ya dace da na jikin aksil, in ba haka ba ka rufe wa giris ƙofa da hannunka. Na biyu, bushi yakan matse bayan an danna shi, sai an kai wa masu injin gurzar ƙarfe sun daidaita cikinsa da kimfin. Kada a buga kimfin da guduma a tilasta shi. Kuma a duba kimfin ɗin kansa: in farce na kamawa a inda ya ci, sabon bushi a kansa asara ce.

Sai an gama duk wannan za a koma kan akwati. A sassauta ɗaurin da aka yi masa, a duba mai, a daidaita shi tayoyi na kallon gaba sosai. Sau da yawa za ka tarar ba abin da ya same shi.

Wani matashi daga Dukku ya ce tayoyin gabansa sababbi ne, amma gefen waje ya cinye cikin damina ɗaya, ko tayar ce jabu?

Ɗana, kafin ka zargi mai taya, auna tsayuwarsu. Tayoyin gaba ba a miƙe sak suke tsayawa ba, bakinsu na gaba yana ɗan tsukewa. Ka tsayar da tarakta a wuri mai lebur, sitiyari a tsakiya. Ka auna tazarar wili zuwa wili ta gaba daidai tsayin cibiyar taya, ka yi alama da alli, ka tura tarakta rabin juyin taya har alamar ta koma baya, ka sake aunawa. Na gaba ya kamata ya gaza na baya da kamar milimita 3, in kana da littafin taraktarka ka bi adadin da ke ciki. Cin gefen waje yana nuna tsukewar ta yi yawa, cin gefen ciki kuma buɗewa. A jikin sandar sitiyari ake ragewa ko ƙarawa. Amma in kawunan sandar na wasa, awon banza ne, canza su tukuna. Kuma duk wanda ya faɗaɗa aksil don ya dace da kunya, dole ya sake wannan awon, ya kuma ɗaure notocin aksil tamau.

Daga Alkaleri: ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kai ya tsage, mai walda ya ce zai kama shi.

A'a, Malam. Ka nemi wani, ko na hannu ne mai lafiya. Ranar da waldar za ta saki, kana kan hanya ne da tirela cike da masara.

Wani daga Misau yana da Steyr, cikin waɗanda aka haɗa a Bauchi. Sitiyarinta mai aiki da mai ne, yana yoyo, yana kuka in an juya, an kuma sayar masa da wata kwalbar magani mai tsada wai tana tsayar da yoyo.

Wannan kwalba ta ishe ni. Abin da irin maganin ke yi shi ne ya kumbura tsohuwar roba na ɗan lokaci. Ba ya ɗinke tiyon da ya tsage, ba ya gyara sandar da ta yi tsatsa tana yanka sil, wato robar da ke tare mai. Ka wanke wurin tas, ka tada inji, ka juya sitiyari, ka ga inda man ke fitowa. In tiyo ne a canza, in sil ne a canza, a kuma shafa sandar da yatsa a ji ko ta yi kaushi. Kukan da kake ji famfo ne ke jan iska saboda mai ya yi ƙasa, in ka ci gaba a haka famfon ne zai tafi, shi kuwa ba arha gare shi ba. Bayan gyara ka cika irin man da aka rubuta mata, ka ɗaga gaba, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa iskar ta fita, ka ƙara mai. Ka kuma hana direba danne sitiyari a ƙarshe yana riƙe da shi.

Wata Hajiya da ke ba da hayar tarakta a Dadin Kowa ta ce boris ɗin gaba ba ya shekara. Hajiya, aikin fadamar shinkafa ne, ruwa da laka na shiga ta bayan cibiya. Duk canjin boris a canza sil tare da shi. A ɗaure noti ana juya taya har ta fara nauyi, a sassauta kaɗan zuwa ramin kotafin (ɗan fin ɗin da ke hana noti warwarewa) mafi kusa, a sa sabon kotafin, ban da ƙusa.

Na ƙarshe daga Bajoga, wai in ya ɗaga haro sai gaban tarakta ya yi sama-sama, sitiyari ba ya kamawa. Sitiyarinka ƙalau yake, haron ne ya fi ƙarfin gaban. Ka rataya ƙarafan nauyi a gaba, ka rage gudu wurin hawa tudu, yaran da kake ɗorawa a kan bonet kuma su sauka.