Amsa ga almajirina kan azabtar da jiki saboda rol

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace ka ƙaurace wa abinci na tsawon makonni domin ka rame, tunda an ba ka rol ɗin mutumin da ya daɗe yana jinya, kuma ka ce ka ji manyan jaruman duniya suna yin haka. Abin da ka ji gaskiya ne, amma rabin labarin aka ba ka.

Christian Bale ya zubar da kusan kilo 28 saboda fim ɗin The Machinist na 2004, har haƙarƙarinsa suka fito ana iya ƙirga su, sannan cikin 'yan watanni ya sake cika jikinsa domin ya fito a matsayin Batman. Robert De Niro kuwa ƙara kusan kilo 27 ya yi a Raging Bull na 1980, inda ya fito a matsayin ɗan dambe Jake LaMotta. Mutane sun fi riƙe zancen ƙibar, suna mantawa cewa kafin ita De Niro ya daɗe yana koyon dambe a hannun LaMotta kansa, har ya shiga karawa ta gaske sau uku. Idan ka kalli fim ɗin da idon ɗan sana'a, za ka ga abin da ke riƙe mai kallo shi ne yadda yake ɗaga kafaɗa, da yadda yake jan ƙafa yana matsar abokin karawa, kuma wannan ba ya samuwa ta hanyar ci ko ƙin ci.

Tushen wannan salo na shiga rayuwar wanda ake kwaikwayo yana komawa ga Konstantin Stanislavski, wanda ya kasance cikin waɗanda suka kafa gidan wasan kwaikwayo na Mosko a 1898, daga baya Lee Strasberg ya faɗaɗa koyarwar a Actors Studio, cibiyar horar da 'yan wasa da ke New York. Abin da ake nema tun asali shi ne ɗan wasa ya san dalilin kowane motsi na mutumin da yake kwaikwayo.

Ka kuma lura da gatan da waɗannan mutane ke da shi. An dakatar da ɗaukar fim ɗin Cast Away kusan shekara guda domin Tom Hanks ya rame kuma gemunsa ya tsiro. Duk da wannan sarari, a 2013 ya bayyana cewa yana da ciwon suga, kuma ya ce mai yiwuwa hawa da saukar nauyin da ya yi ta yi saboda fina-finai na da hannu a ciki. Jikin da aka hana abinci yana fara cin tsokarsa ne, har da ta zuciya, barci ya lalace, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ɗan wasan da jiri ke ɗiba ba ya riƙe kalamansa, ba ya kuma sauraron abokin wasansa yadda ya kamata, alhali sauraro shi ne ginshiƙin aikinmu. Ko Daniel Day-Lewis, wanda nake girmamawa ƙwarai, da ya ƙi sauka daga keken guragu a lokacin ɗaukar My Left Foot na 1989, ma'aikata ne suka riƙa ɗaukarsa suna ba shi abinci a baki, don haka wahalar ba a kansa kaɗai ta tsaya ba.

Abin da nake so ka yi shi ne ka nemi izinin wani mai doguwar jinya da iyalinsa, ka zauna da shi cikin ladabi. Ka kula da yadda yake dafa gefen gado kafin ya miƙe, da yadda numfashi ke katse masa magana a tsakiya, da yadda yake murmushi domin kada hankalin masu jinyarsa ya tashi. Ramar da ido zai gani kuwa, mai kwalliya da mai haske da tufafin da suka yi maka yawa za su samar da mafi yawanta.

Idan darakta ya nace sai ka rage nauyi, ka ga likita tukuna, ka nemi a ba ka watanni, kuma ka tattauna da daraktan kan jerin ɗauka. Aamir Khan ya fara ɗaukar sassan ƙiba da tsufa a Dangal na 2016, sannan ya koma motsa jiki domin sassan ƙuruciya. Ka tambayi darakta wane sashe za a fara ɗauka da kuma ranarsa, ka kawo mini amsar kafin ka taɓa abincinka.